Ƙanƙara a Ƙasan Wuta: Dante, Masu Zane da Maciya Amana

Duk wanda ya tashi a Kabo ko Gwarzo, ya zauna gaban malam da allo a cinya, da zafi ya san gidan azaba. Tun kafin mu iya ɗaure zariyar wando muka ji labarin itaciyar Zaƙƙumu, da tafasasshen ruwa, da sarƙoƙi, da Zabaniyawa. Saboda haka Bahaushen da ya buɗe littafin Dante Alighieri, mawaƙin Italiya, ya bi shi hawa-hawa zuwa can ƙasa, zai sa ran kowane mataki zafi ya ƙaru. Sai ya isa ƙarshe ya tarar da tafki daskararre, ga kawunan mutane a kafe cikin ƙanƙara, haƙora na ta kaɗawa. Mazinata da 'yan fashi da masu kisan kai duk an baro su a sama. Wannan wuri na maciya amana ne.

An haifi Dante a birnin Fulorens a 1265. Ya shiga siyasar garinsu har ya riƙe muƙami, sannan rikicin ɓangarori ya rutsa da shi, aka kore shi a 1302, aka yanke cewa in ya sake taka garin za a ƙone shi da ransa. Bai koma ba. Ya yi ta zaman cin arziki a gidajen masu mulki, daga wannan birni zuwa wancan, har ya mutu a Ravenna a 1321. A cikin wannan gudun hijira ya rubuta doguwar waƙarsa mai suna Commedia, babi 100, ɗango 14,233, baitocinta ƙwar uku. Malaman zamaninsa da Latin suke rubutu, shi kuwa ya zaɓi harshen da ake ciniki da shi a kasuwar garinsu, kamar dai yadda Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da 'ya'yansa suka ajiye Larabcin da suka ƙware a kai suka yi wa talaka waƙa da Fulatanci da Hausa. Babi 34 na farko tafiya ce cikin gidan azaba, inda tsohon mawaƙin Rumawa, Birjil, yake yi wa Dante jagora. Ramin hawa tara ne, kowane hawa ya fi na samansa ƙunci.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne ma'aunin da ya jera laifuffukan da shi. A babi na 11 Birjil ya tsaya ya yi wa ɗalibinsa bayani. Laifin da son zuciya ya ja mutum, kamar zina da haɗama da fushi, yana sama. Na ƙarfi da zubar da jini yana tsakiya. Na yaudara yana ƙasa, domin dabba ma tana da sha'awa kuma tana kisa, amma shirya makirci sai mai hankali. Yaudarar ma ya raba ta biyu. Akwai wadda ake yi wa wanda babu wata igiya ta musamman tsakaninka da shi, wannan tana hawa na takwas. Akwai kuma wadda ake yi wa wanda ya saki jiki da kai, ita ce ta tara.

Hausa ta riga ta yi wannan rabo, ko da ba mu zauna mun tsara shi ba. Wanda ya sa wa baƙon ɗan kasuwa tsakuwa a buhun masara a kasuwar Getso, ha'inci ya yi. Wanda ya kira lambar da bai san mai ita ba ya ce daga banki yake, ɗan damfara ne. Wanda ya algusa madara, ko ya tauye mudu, za a kira shi macuci. Amma ba a cewa mutum ya ci amana sai an taɓa miƙa masa wani abu da hannu biyu: mabuɗin shago, ko sirrin ciki, ko ɗiya, ko gonar marayu, ko kuɗin adashi. Mai ha'inci na iya zama baƙo. Maci amana kullum na gida ne, ya san inda kake kwana, ya san inda kake ajiya, sau da yawa ma kun sa hannu a ƙwarya ɗaya. Shi ya sa wanda aka yi wa sata yakan yi ihu, wanda aka ci amanarsa kuwa yakan yi shiru tukuna, jikinsa ya yi sanyi. Ina ganin wannan sanyin Dante ya kama ya mayar da shi tafki.

Tafkin kashi huɗu ne. Na farko ya ci sunan Ƙabila, wanda ya kashe ɗan'uwansa Habila, kuma na masu cin amanar dangi ne. Suna kafe zuwa wuya, amma suna iya sunkuyar da kai, hawaye ya zuba. Na biyu na waɗanda suka sayar da garinsu ko rundunarsu ne. Na uku na waɗanda suka kashe baƙonsu a kan tabarmar abinci, su kuwa a rigingine suke, hawayen farko ya daskare a kwarmin ido ya toshe wa na baya hanya, ko kukan ma an hana su. Na huɗu na waɗanda suka juya wa ubangidansu da ya yi musu rana. Waɗannan ƙanƙara ta rufe su ruf, ba magana, ba motsi.

A lura da jerin. Mu da muke cewa jini ya fi ruwa kauri za mu zaci cin amanar ɗan'uwa ne zai zo ƙarshe. Dante ya sa shi a farko, ya sa na baƙo da na mai kyautatawa a ƙasa da shi. Masu sharhi sun ce dalilinsa shi ne ba kai ka zaɓi ɗan'uwanka ba, haihuwa ce ta haɗa ku, amma baƙon da ka ce wa bismillah, da ubangidan da ka yi wa mubaya'a, da bakinka ka ƙulla igiyar. Ban yarda da shi ɗari bisa ɗari ba, domin a wurinmu yanke zumunci ba ƙaramin abu ba ne. Amma na fahimci abin da yake nufi, kuma duk wanda ya san nauyin kalmar butulu a bakin dattijo zai fahimta.

A tsakiyar tafkin Shaiɗan ne, kafe zuwa ƙirji, da fuska uku da fikafikai shida irin na jemage. Yana kaɗa su don ya kuɓuta, iskar da suke tayarwa kuwa ita ke ƙara daskarar da tafkin da ya riƙe shi. A kowane baki yana tauna mutum guda: Yahuza Iskariyoti, wanda Kiristoci suka ce shi ya ba da Annabi Isa (AS) a hannun maƙiya, da Burutus da Kasiyus, waɗanda suka jagoranci kashe Yuliyas Kaisar a shekara ta 44 kafin miladiyya. Kakanninmu sukan ce wanda ya ci amana, amana za ta ci shi. Ga shi nan an zana maganar da haƙora.

Amma ba Shaiɗan ne ya fi tsaya wa masu karatu a rai ba. Ugolino ne. Babban mutum ne a birnin Pisa, ya yi ta sauya ɓangare, kuma an zarge shi da miƙa wa maƙwabta wasu ganuwoyin garin. Babban limamin cocin birnin, Ruggieri, ya haɗa kai da shi, daga baya ya juya masa baya a 1288, ya sa aka kulle shi a wata hasumiya tare da 'ya'yansa biyu da jikokinsa biyu. A 1289 aka daina kai musu abinci, duka biyar suka mutu da yunwa. Dante ya tarar da mutanen biyu a rami ɗaya, Ugolino yana gwaguyar ƙeyar Ruggieri. Ya ɗago, ya goge baki da gashin kan da yake ci, ya ba da labari: yadda ya ji ana buga ƙusa a ƙofar ƙasa daidai lokacin da aka saba kawo abinci, yadda ya dubi yaran bai ce uffan ba, yadda ya ciji hannunsa don baƙin ciki su kuwa suka zaci yunwa ce, yadda suka faɗi ɗaya bayan ɗaya, shi kuma ido ya rufe yana lalube yana kiran sunayensu. Babu uban da zai karanta wannan bai ajiye littafin ya nisa ba. Maci amana ne, an kuma ci tasa amanar, yaran da ba su ji ba ba su gani ba su suka biya. Dante bai wanke shi ba, bai kuma hana mu tausaya masa ba, ya juya ya tsine wa Pisa saboda yaran.

Gaba kaɗan akwai Alberigo, mutumin Faenza, wanda ya gayyaci 'yan'uwansa cin abincin sulhu a 1285. Ya shirya da 'yan ina-da-kisa cewa da zarar ya ce a kawo kayan marmari su fito. Haka aka yi. A nan Dante ya kawo wani tunani mai ban tsoro. Ya ce mai irin wannan laifi ba ya jiran mutuwa: ransa na faɗawa tafkin nan take, wani shaiɗani ya shiga gangar jikin ya ci gaba da ci da sha da sa tufafi a cikin mutane har ajali ya cika. Wannan ba aƙidar Kirista ba ce, ba ta Musulmi ba, domin ƙofar tuba a buɗe take ga mai rai. Amma a matsayin hoton adabi yana da gaskiyarsa. Mun sha ganin mutumin da ya cinye gadon 'ya'yan wansa yana sahun gaba a masallaci, fuska ba alamar komai, har ka rasa wane ne a cikin rigar.

Tarihinmu ma bai rasa irin wannan dare ba. Ranar 14 ga Janairu 1966 Birgediya Zakariya Maimalari ya yi liyafa a gidansa da ke Ikoyi a Legas, kuma cikin waɗanda suka halarta har da hafsoshin da suka riga suka shirya juyin mulki. Da aka kai wa gidan hari cikin dare ya tsere. A hanya ya hango motar Manjo Emmanuel Ifeajuna, babban hafsan ofishinsa, ya tsayar da ita yana ganin ya sami nasa. A nan aka harbe shi. Da ɗan gari akan ci gari.

Masu zane sun yi ƙarni bakwai suna kokawa da waɗannan babuka. Dante kansa da hoto ya tashi: a rufin ɗakin da aka yi masa wankan baftisma a Fulorens akwai Shaiɗan mai ƙaho yana haɗiyar mutane, an jera shi da ƙananan duwatsu masu launi. Wajen 1480 zuwa 1495 Sandro Botticelli ya zana waƙar a kan fata, babi bayan babi. Guda 92 suka tsira, yawancinsu suna Balin ta Jamus, sauran a ɗakin karatu na fadar Fafaroma. Mafi yawansu bai sa musu launi ba, siraran layuka ne kawai, kuma wannan ya dace da hawa na tara: farar fata fayau, jikkuna tsirara a warwatse. William Blake na Ingila ya yi zane 102 daga 1824 har mutuwarsa a 1827. Shi bai yarda da zafin hukuncin Dante ba, sai ya zana Ugolino da yaran a kurkuku ya sa mala'iku biyu suna shawagi a kansu, abin da babu shi a waƙar. Ashe mai zane ma mai sharhi ne, yana iya yi wa mawaƙi gardama ba tare da ya furta kalma ba.

Wanda hotunansa suka fi yawo a duniya shi ne Gustave Doré na Faransa. A 1861, bai kai shekara 30 ba, ya fitar da nasa da kuɗin aljihunsa, domin kamfanin Hachette bai ga alamar riba ba. Littafin ya ƙare a kasuwa cikin ɗan lokaci. Baƙi da fari ne, an sassaƙa a katako aka buga. A hotonsa na tafkin, mutum biyu ne tsaye cikin mayafi, duhu ya kewaye su, kawuna sun bazu a ƙasa har inda ido ya ƙare. Kowane kai shi kaɗai yake, ga maƙwabci dab da shi amma ba mai duban wani. Shaiɗan ɗinsa kuwa ya dogara da gwiwar hannu, ya yi tagumi. A ganina Doré ya fi kowa gane abin da Dante yake faɗa: wanda ya tsinke igiyar da ke tsakaninsa da mutane, sakamakonsa zama cikin taro ba tare da kowa ba.

Sanyin nan ba baƙo ba ne a wurinmu, mun dai fi jin wa'azin zafi ne. Kalmar zamharir tana cikin Suratul Insan, kuma Buhari da Muslim sun ruwaito cewa an yi wa Wuta izinin numfashi biyu, ɗaya shi ne tsananin zafin bazara, ɗaya tsananin sanyin hunturu. Wanda ya taɓa fita ban-ruwa da asuba a bakin madatsar Guzuguzu cikin watan Janairu, yatsu suka ƙi riƙe fartanya, ya san sanyi ma azaba ne. A 1919 wani malamin Sifaniya, Miguel Asín Palacios, ya wallafa littafi yana cewa Dante ya ɗebo da yawa daga labaran Isra'i da Mi'iraji. Italiyawa suka yi ca a kansa. A 1949 Enrico Cerulli ya fito da wani littafin Mi'iraji da aka fassara zuwa Latin da Faransanci a fadar Sarki Alfonso na 10 wajen 1264, kuma an san malamin Dante, Brunetto Latini, ya je wannan fada da saƙon garinsu a 1260. Har yau masana ba su daina muhawara a kai ba, amma hanyar da labarin zai bi ya isa Fulorens ta tabbata akwai ta.

Dole in faɗi wani abu a fili. A babi na 28 Dante ya yi wa Manzon Allah (SAW) da Sayyidina Ali rashin ladabin da ba zan maimaita ba, wasu masu zanen ma suka bi shi. Hasan Usman, Bamisiren da ya fassara wannan kashi zuwa Larabci a 1959, ya tsallake wurin. Wannan rashin ladabi ƙiyayyar zamanin yaƙin 'yan Salibiyya ce da jahilci, kuma ba wata fasaha da za ta wanke ta. Shi dai wannan Dante ya ware wa Ibn Sina da Ibn Rushd da Salahuddin wuri a cikin manyan da ba a azabtar da su. Wannan ɓarna tasa kuwa tana da tushe ɗaya da babban aibin littafin gaba ɗaya: Dante ya hau kujerar da ba tasa ba. Ya kama sunayen mutane, maƙiyansa na siyasa, da fafaromomi, har da waɗanda suke raye lokacin, ya raba musu ɗakuna a Wuta. A kan ƙanƙarar ma ya kama gashin wani Bocca, wanda ake zargi da cin amanar Fulorens a yaƙin Montaperti na 1260, yana tuzgewa don ya faɗi sunansa. Ya yi wa Alberigo alkawarin cire masa ƙanƙarar ido in ya yi magana, da ya gama sai ya ƙi. Mai hukunta maciya amana ya saɓa alkawari a tsakiyarsu.

A nan nake ganin mawaƙanmu na wa'azi sun fi shi. Su ma sun zana Wuta, zane mai firgitarwa, sai dai a kunne suka zana ta, domin alƙalaminmu ya saba da zayyanar allo da adon bango, bai saba da surar mai rai ba. Akwai Jan Mari da Baƙin Mari, akwai Gangar Wa'azu, akwai Tabban Haƙiƙa ta Shehu wadda Nana Asma'u ta mayar Hausa, akwai Imfiraji ta Aliyu Namangi, makahon Zariya da ya ga abin da masu ido ba su gani ba. Sun lissafa ƙofofi bakwai, daga Jahannama har Hawiya. Sun ambaci mai cin dukiyar maraya, da alƙali mai karɓar hanci, da mai mulkin da ke cin talakawansa, da mai shaidar zur. Laifin suke kira da sunansa, su bar mai laifin, domin ba wanda ya san da me wani zai cika. Dante yana nuna maka maƙwabcinka a cikin ƙanƙara, ka ji sanyi a ranka cewa ba kai ba ne. Mai waƙar wa'azi kuwa in ya rera a bakin kasuwa, kowa kansa yake dubawa. Tona asirin maci amana yana nan tafe, hadisi ya ce za a kafa masa tuta ranar alƙiyama a san shi da ita, kuma Suratun Nisa'i ta sa munafukai a can ƙasan Wuta. Amma mai kafa tutar ba mawaƙi ba ne.

Damuwata a yau ita ce kalmar cin amana tana neman yin arha. Ɗan siyasa ya sauya jam'iyya, ko ya ƙi yi wa maigidansa biyayya a kan ɓarna, sai gidajen rediyo su cika da ihun an ci amana. Yaro ya bar shagon ubangidansa ya buɗe nasa bayan shekara da shekaru yana bauta, a ce butulu ne. Ana ta kashe kalmar a kan abin da bai kai ba, ga kuma inda ya kamata a yi amfani da ita an sa mata wasu sunaye masu laushi. Wanda aka damƙa wa takin manoma ya karkatar da shi, a ce ya iya harka. Wanda ya sayar da gonar marayu a ce matsi ne. A ƙauyukan da ke kan iyakarmu da Katsina, kowa ya san 'yan bindiga ba sa sanin wanda ya sayar da shanu jiya sai wani na cikin gari ya faɗa musu, shi kuma muna ce masa infoma, kalmar aro da ba ta da nauyin komai a zuciya. A farkon 2022 Kano ta girgiza da labarin yarinya 'yar shekara 5 da mai makarantar da take zuwa ya sace ya kashe, kotu ta yanke masa hukuncin kisa a watan Yulin shekarar. A lokacin ba wanda ya nemi wata kalma. Daga malamai a kan mumbari har mata a cikin gida abu ɗaya aka faɗa, iyaye sun ba shi amana. Don irin wannan rana ake adana kalma.

Kirana ga malaman Hausa na makarantun sakandare a Kabo da Garo da Gwarzo da Getso, da ɗalibanmu da ke sashen harsunan Nijeriya a Jami'ar Bayero: har yanzu akwai tsofaffi a garuruwanmu, maza da mata, da suka haddace waɗannan waƙoƙin wa'azi da karinsu na asali. Ku je ku same su da waya a hannu ku naɗa, ku rubuta da boko da ajami, ku koya wa yara a aji. Italiyawa sun yi shekara 700 suna kwafa da zanawa da koyar da Dante, har a 2021 suka yi bikin cikarsa ƙarni bakwai da mutuwa. Namu mawaƙan ba su kai rabin wannan tsufa ba, kuma yawancin 'yan sakandarenmu ba su taɓa jin ko baiti ɗaya na Baƙin Mari ba.